Lam Bakwai a Rana

Shekara goma sha tara na yi ni kaɗai a labo kafin a kawo mini taubashina. Labo shi ne ɗakin awon jini da kaki na ƙaramin asibitin da na yi aiki a Gure, ba sai na faɗi wanne ba. Ɗaki ɗaya ne, da tebur biyu, da famfo, da taga. A gaban tagar nan tsohon mikroskop ɗina yake zaune, mai madubi a gindinsa. Daga baya an ba mu mai fitila, amma kuran, wato wutar lantarki, a garinmu zuwansa da tafiyarsa ba ya shawara da kowa, sai na ci gaba da aiki da tsohon. Ba a juya madubin ya kalli rana, idonka kawai za ka ƙona. Farin bangon ɗakin haihuwa nake saita masa. Hasken da ya bugi bangon ya dawo shi ne mai laushi, ya bi ta ƙarƙashin lam, wato ɗan gilashin da ake shafa jini ko kaki a kansa, ya hau har cikin idona.

An san ni da aikin nan, kuma ina jin daɗin an san ni. Mutum zai taso daga Gamu ko Bune da mara lafiyarsa, tun daga bakin ƙofa ya ce a kai shi wurin mai idon nan. Manjo, wato babban ma'aikacin jinya da ke riƙe da asibitin, in ya ga sa hannuna a takarda ba ya ƙara tambaya. Ban yi dogon karatu ba. A hannu na koyi aikin, sai ɗan guntun horo da aka yi mana a Damagaram, amma ban taɓa jin na rasa wani abu ba sai da aka ajiye kujera ta biyu a ɗakin.

Taubashina ɗan gwaggona ne, na girme shi da shekara huɗu. Tare muka tashi, tare muka sha bulalar mushe, wato malaminmu, a lakwal, makarantar boko, kuma tun muna yara nake kiransa bawa yana kirana maigida, kamar yadda aka saba tsakanin ɗan namiji da ɗan mace. Ni na tsaya a hanya, shi ya wuce Damagaram, ya wuce Yamai, ya yi aiki a wasu garuruwa, sannan ya nemi a maido shi gida saboda gwaggo ta tsufa. Ranar da ya fara aiki na yi murna, wallahi na yi. Na ce wa manjo, to, ga shi an kawo mini mai wanke lam. Aka yi dariya, shi ma ya yi, ya durƙusa har ƙasa ya ce, "Ranka ya daɗe, bawa ya iso."

Murnar ba ta kai wata guda ba.

Wata rana muna shan shayi a inuwar bedi, itacen dogon yaro, bayan an sallami marasa lafiya, da manjo da ma'aikata biyu, sai taubashina ya juyo gare ni cikin wasa.

"Maigida, me ya sa ake ɗiga mai a kan lam kahin a duba?"

Na ce, "Don a gani da kyau mana. Wannan ma tambaya ce?"

"Ƙwarai. To me ya sa ake gani da kyau?"

Man nan na ɗiga shi sau dubu nawa, ban taɓa tambayar kaina ba. An ce mini a ɗiga, na ɗiga, na ga ya yi aiki.

Sai ya ɗauki kofin gilashi ya cika da ruwa, ya tsoma cokali, ya ɗaga mana. Cokalin ya fito a karye daidai bakin ruwan. Ya ce cokali lafiyarsa lau, haske ne ya karkace, domin duk lokacin da haske ya fita daga wani abu ya shiga wani daban, daga ruwa zuwa iska ko daga gilashi zuwa iska, sai ya canza hanya. A mikroskop ma haka ne. Hasken ya ratsa lam, ya faɗa cikin iskar da ke tsakanin lam da gilashin dubawa, sai wani ya bauɗe ya ɓata bai shiga ba. Shi kuwa man nan da gilashi halinsu ɗaya a wurin haske, in ya cike wannan ɗan tsakanin, haske ba ya ma sanin ya bar gilashi, sai ya miƙe ya shiga duka.

Manjo ya tafa hannu ya ce, "Kai, karatu da daɗi!" Ya dube ni yana dariya ya ce, "Tsoho, ashe bawanka ya hi ka."

Na yi dariya tare da su, har na ce a ƙara wa bawa sukari. Abin da ya fi ci mini rai shi ne bayanin ya yi kyau. Da ƙarya ya yi, da na huta. Na koma gida ina ta juya maganar, har na tsoma cokali a kofi a ɓoye don kada matata ta tambaye ni, na ga ya karye kamar yadda ya ce.

Bayan kwana kaɗan ya zauna a kujerata, wai zai leƙa wani jini. Ya kai hannu ƙarƙashin mikroskop, ya ɗaga ɗan gilashin da ke tara haske, ya matse ƴar ƙofar da hasken ke bi. Ya ce, "Maigida, leƙa ka gani." Na leƙa. Gefen kowace ƙwayar jini ya fito tsaf, yadda ban taɓa ganinsa ba a na'urar da nake shafawa da hannuna kullum. Na ce masa ni dai ban ga wani bambanci ba. Yana fita na mayar da komai yadda yake da. Na yi kwana biyu a haka ina fushi da kaina, ranar ta uku na faki idonsa na mayar daidai inda ya sa, ban kuma ce masa komai ba.

Shi bai san ana yaƙi ba. Wannan ma yana cikin abin da ke ƙona ni. Zai shigo da safe da farar rigarsa a goge, ya gaishe ni da ladabi, ya tsokane ni, ya kawo mini gaisuwar gwaggo. Ni kuwa ina lura da komai: wa manjo ya fara kira, takardar wa aka fara karɓa, mara lafiya wa ya fara gaisarwa. Na san sunan abin da ke damuna. Hassada ce, kuma sanin sunan bai rage mini ko kaɗan ba.

Sai maganar sabon mikroskop na tarin fuka ta taso. Awon tarin fuka shi ne aikin da na fi alfahari da shi, domin shi ya fi wuya. Za ka shafa kaki a lam, ka zuba jan rini, ka ɗumama da wuta, ka wanke, ka zuba shuɗi, ka shanya, ka ɗiga mai, sannan ka zauna kana bi fili fili kana neman ƴan jajayen sanduna a cikin shuɗi. Wani lam ɗin sai ka bi fili ɗari ko fiye kafin ka yarda babu komai, wuyanka ya ƙage, idonka ya yi ruwa. Da aka ce za a aika mutum ɗaya Yamai ya koyo sabuwar na'ura, ban ma yi shakka ba, har na sa an wanke mini babbar riga. Manjo ya kira ni ofis ya ce an nemi mai diploma. Ya ce, "Ka yi haƙuri, tsoho, ba daga gare ni ba ne." Na ce ai ba komai, bawa ne ya kamata ya sha wahalar hanya. Ni na raka shi tasha, na ɗaukar masa jaka, raina baƙi ƙirin.

Ya dawo da na'urar a kwali. Abu na farko da ya yi shi ne ya rataya baƙin labule a rabin tagata, wai na'urar ba ta son haske da yawa a ɗaki. Ya nemi izinina, na ba shi, me zan ce? Sannan ya tara ma'aikata ya yi musu bayani. Ya ce wannan rinin rawaya ne, yana kama jikin ƙwayar tarin fuka. Na'urar tana haska lam da shuɗin haske, rinin ya sha shuɗin ya mayar da wani haske daban, kore mai rawaya-rawaya. Akwai kuma wani gilashi a ciki da ke tare shuɗin kada ya kai ido, sai abin da rinin ya fitar kaɗai ya wuce. Don haka fili zai zama baƙi, ƙwayoyin cutar su yi ta walƙiya a ciki da kansu. Ba mai, ba dogon nema, abin da nake yi a rubu'in awa shi zai gama kafin shayi ya huce.

Aka yi layi ana leƙawa, kowa ya ɗago sai ya yi salati. Matar da ke sharar ɗakin haihuwa ma sai da ta leƙa. Ni na ce ina da jini da ke jira na, na ɗauki tirena na nufi ƙofa. Ina bakin ƙofar na ji ya ce, "Abu ɗaya dai a kiyaye. Rinin nan duk hasken da ya taɓa shi yana rage mishi ƙarhi. A inuwa ake shanya shi, a ruhe. In ya sha rana, ya mutu, ko ƙwayar na nan ba za ta haska ba."

Na ji wannan maganar da kunnena. Na daɗe ina so in ce ban ji ba, amma na ji.

Ni kuwa tun da na fara aiki a rana nake shanya lam ɗina bayan na rina. Akwai dakali a wajen tagar, nakan jera su a kai in kifa musu rariya saboda ƙuda, kafin in sha ruwa sun bushe. Littafi bai ce a yi haka ba, amma jan rinina bai taɓa nuna ya damu ba, kuma kowa a asibitin ya saba ganin rariyata a kan dakalin.

Daga ranar aka raba aiki. Kaki nasa, jini da fitsari nawa. Masu tari suka daina tambayar mai ido, suka koma tambayar mai na'ura. Wani dattijo da na taɓa gano masa cutar shekarun baya ya kawo ɗansa, ya gaishe ni da hannu bibbiyu, sannan ya ce, "Ina yaron nan mai sabon madubi?" Na nuna masa da haɓa.

Cikin bazara, ana gab da faɗuwar ruwa, wata mata ta zo daga wajen Alakos. Makiyaya ne, ita tana sayar da cuku, yayanta ne ya kawo ta a motar kasuwa. Doguwa ce, ta rame har wuyanta ya yi tsawo, da jaririya a bayanta. Taubashina yana ɗakin manjo, sai ni na karɓe ta. Na miƙa mata ɗan gwangwanin kaki na yi mata bayani, ta ja mayafi ta rufe baki ta ƙi karɓa. Kunya take ji ta yi kaki a gaban maza, har da yayanta. Na kore shi, na nuna mata bayan bedi inda ba mai ganinta, na koma ɗaki. Ina jin tarinta ta taga, irin tarin da ke fitowa daga can ƙasan ƙirji. Wanda ya yi shekara goma sha tara yana jin tari ya san wannan. Ta kwana a gari wurin masu sayen cukunta, da safe ta kawo na biyu.

Ranar taubashina ya rina lam bakwai, biyu nata ne. Ya jera su a cikin kabad ya tura ƙofar. Sai aka aiko wai ana nemansa taro a ofishin lafiya na gari, shi da manjo. Da can ni ake kira irin wannan taron. Ya cire farar rigarsa ya ce, "Maigida, ka bar mini su nan, in na dawo na duba."

Na ce, "A dawo lahiya."

Na zauna ina kallon kabad ɗin. Na ce wa kaina lam ɗin nan da danshi a jikinsu, a rufe za su daɗe ba su bushe ba, taimako zan yi masa. Ko a lokacin na san ƙarya nake. Abin da nake so a zuciyata ba shi da wuyar faɗa. So nake ya leƙa na'urarsa ya ga duhu, ya tuna tarin matar nan, ya rasa yadda zai yi, ya juyo ya ce, yaya, zo ka duba mini da naka. Ni kuma in tashi a hankali, in zuba jan rinina a kai, domin ana iya rina ja a kan wanda aka riga aka yi wa rawaya, in gano abin da na'urar Yamai ta kasa, a gaban manjo. Awa biyu kawai za a ɓata, ba wanda zai cutu. Haka na tsara.

Na kwashe su na jera a dakali, na kifa rariya. Ranar bazara ce ta Gure, wadda takalmin roba ke laushi a cikinta. Daga hantsi suka zauna har aka yi azahar, har inuwa ta fara juyawa. Ma'aikata sun wuce sun ga rariya, ba wanda ya kula. Da na ji an kusa la'asar na kwaso su, da zafinsu, na mayar kabad yadda ya jera, na tura ƙofar.

Ya dawo a gajiye, ya ja labule, ya fara dubawa. Ina teburina ina goge abin da ba ya bukatar guga. Na ɗaya babu, na biyu babu. Da ya zo kan nata ya daɗe, ya cire ya sa na biyun, ya ƙara daɗewa. Ya ɗago ya murza ido ya ce, "Ikon Allah. Matar nan da na rantse akwai."

Na ce a raina, to, yanzu zai kira ni. Har na gyara zama.

Bai kira ni ba. Ya yarda da na'urarsa kamar yadda na yarda da idona. Ya ce zai nemi ta ƙara kwana ta kawo na uku, ya fita ya yi wa yayanta magana. Yayan ya ce motar Alakos tana lodi, in ta tashi sai wani mako, ga dabbobi ba kowa, kuma ai an ce babu. Taubashina ya dawo ya ɗauki biro. Ina zaune taku uku daga gare shi. Da na ce, kawo in gwada da ja, da shi ke nan, ba wanda zai tambaye ni dalili. Amma ni so nake a roƙe ni, ba ni in roƙa ba. Ina kallo ya rubuta babu, ya sa hannu. Manjo ya rubuta mata maganin tari na ruwa da ƙwayoyi, aka ce in bai sake ta ba ta dawo. Ta tsaya a taga ta yi mana godiya, ta gyara goyonta suka tafi.

Kwana tara na yi ina fama da kaina. Na ce ƙila ma da gaske babu, tari iri-iri ne. Na ce rana ɗaya ba za ta kashe rini duka ba, mutanen Yamai suna da ƙarin gishiri. Abinci ya daina mini daɗi, na yi wa matata faɗa a kan gishirin miya har ta zuba mini ido tana mamaki. Ba ma zubar da lam ɗin kaki, akwai akwatin da ake adana su saboda masu zuwa bincike. Ranar ta goma da hantsi, taubashina yana can yana karɓar kaki a ɗakin kwanciya, na buɗe akwatin na ciro bakwai ɗin, na rina su da ja, na saita madubina ga farin bango.

Biyar ba komai, na bi su fili fili har wuyana ya ƙage. Na sa nata na farko. A fili na goma sha wani abu na ga ɗaya, siririya, ja, ta ɗan lanƙwasa. Na matsa na ga biyu manne da juna. A lam na safe ban ma sha wahala ba. Ba su cika fili ba, amma suna nan, kuma da ba su sha rana ba da sun haska masa tun kallon farko. Abin da na so in gani ke nan, ga shi na gani.

Da ya shigo na ce ya rufe ƙofa. Na ce ya leƙa. Ya leƙa, ya duba lambar da ke jikin lam, ya duba littafi, fuskarsa ta canza. Ya fara cewa, "Innalillahi, ni na…" Na tare shi. Na faɗa masa abin da na yi, daga hantsi zuwa la'asar, ban rage komai ba.

Ya ce, "Ba ka ji lokacin da na yi bayani ba?"

Ya buɗe mini ƙofar fita ke nan, na san da gangan ya yi. Na ce, "Na ji."

"To don me, yaya?"

Na ce, "Don ka tambaye ni."

Bai ɗaga murya ba. Da ya zage ni da na fi jin sauƙi. Ya ɗauki lam ɗin da littafin ya ce in biyo shi. Na bi shi ofishin manjo, na san aikina ya ƙare, saura shekaru kaɗan in yi ritaya, kuma kafin magariba labari zai kai gidan gwaggo. Ya ajiye lam a tebur ya ce, "Manjo, matar Alakos tana da cutar. Na duba ban gani ba, na rubuta babu. Yaya ya sake rinawa ya duba da nashi, ya gani. A nemo ta." Ba kalma ɗaya ta ƙarya a ciki. Ya tsaya nan, bai ƙara ba.

Manjo ya miƙe ya kama hannuna ya ce, "Tsoho! Na san ba a banza ake hurhura ba." Ya juya ga taubashina ya yi masa faɗa mai zafi, ya ce daga yau duk lam ɗin da ake shakka a kai sai tsoho ya sa ido. Taubashina ya sunkuyar da kai ya ce to. Ni kuwa na karɓi yabon, muka fito. A waje na ce masa zan koma in faɗi gaskiya. Ya ce, "In ka hwaɗa, za a kwana bakwai ana maganarka, a manta da ita. Ka tahi ka nemo ta."

Zan faɗi wani abu da ya fi sauran muni. Ko wannan halin da ya nuna sai da na yi masa hassada a kai. Ya fi ni karatu, na haƙura. Yanzu kuma ya fi ni zuciya, kuma ba wanda ya sani sai ni.

Labari ya bazu a gari cewa idon tsoho ya kayar da na'ura. A kasuwa aka riƙa tare ni ana yi mini barka, masu tari suka dawo tambayata. Duk wanda ya yabe ni sai in ji kamar ya watsa mini ruwan zafi, amma ban taɓa ce wa kowa ya daina ba.

Nemanta kuwa ya gagara. Manjo ya buga wa ma'aikacin lafiya na Alakos waya, aka bar sallahu wurin direbobi da masu sayen cuku. Kafin saƙo ya kai, ruwa ya faɗi, sun kwashe da dabbobinsu sun yi arewa. Sau biyu ina shiga motar kasuwa da kaina, ina bin rijiyoyi da mashaya ina tambaya. Wani ya ce ya gan su makon jiya, wani ya ce ba su ba ne. Ban san sunan mijinta ba, sunanta da na yayanta kawai ke cikin littafi, kuma rabin mutanen dajin sunayensu ke nan. Na dawo da ƙaya a ƙafa da ciwon baya, ba ita.

Sai da aka fara yankan gero saƙo ya same su. Yayanta ya sake kawo ta, wannan karon a kwance a bayan mota, sai da aka riƙe ta ta sauko. Taubashina ya rina kakinta, ya shanya a kabad, ya duba. Ya matsa gefe, na sa idona a na'urarsa karo na farko. Filin baƙi ne, ƙwayoyin sun cika shi suna haske ko'ina, ba ma sai an nema ba. Ranar aka fara mata magani, aka ba ta gado. Ta sha wahala, amma ta tashi.

Tun saukowarta daga mota na ga bayanta ba goyo. Na yi ta ce wa kaina ƙila an bar yarinyar wurin kakarta. Bayan mako uku, da ta fara iya takawa, ta zo tagar labo da safe, lokacin da mutane suka fi yawa, manjo ma yana wurin. Ta ce ita likitan da ya nemo ta take so ta gani. Aka nuna mata ni. Hausarta ba ta da yawa, a hankali take jera kalmomi. Ta ce an gaya mata na'ura ta ce babu, ni na ƙi yarda, na sake dubawa, na bi ta har daji sau biyu.

Na ce, "Ina yarinya?"

Ta ce, "Ta koma. Cikin damina. Tari ya kama ta, ta daina shan nono."

Na tambayi taubashina daga baya ko da an fara wa uwar magani a bazara yarinyar za ta rayu. Ya ce ba wanda ya san wannan sai Allah. Na san yadda cutar ke bi daga ƙirjin uwa zuwa abin da take shayarwa, shi ma ya san na sani.

Amma a lokacin tana tsaye a taga, ta ɗaga tafukanta biyu. Ta tambaye ni ko ina da ƴaƴa, na ce shida. Ta ce, "Likita, kai mutumin kirki ne. Allah ya raya maka naka."

Manjo ya ce amin, mutanen da ke layi suka amsa. Ni ma na shafa na ce amin, domin duk ana kallona.